Furen Mama da Fartanyar Baba

Ranar da muka binne Mama, bakin Baba ya jawo mana abin da muka daɗe muna fama da shi.

Muna zaune a zauren bayan coci ana cin abincin makoki, miyar kabeji da burodi, sai yayana Mirek, wanda ya zo daga Norway da tikitin komawa a aljihu, ya ce ai yanzu sai Baba ya tattara ya koma birnin Lublin wajen Wiesia. Ni ce Wiesia. Bai shawarce ni ba, amma ban musa ba, don ɗakin da ɗana ya bari yana nan a rufe ba mai kwana. Baba ya ajiye cokali. Ya dubi Fada, ya dubi maƙwabta, ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Muddin iris ɗin Gienia na fure a ƙofar gidana, ba mai fitar da ni daga ƙauyen nan sai a akwati!"

Gienia sunan Mama ne, iris kuma wani fure ne da ta dasa. Mata suka share hawaye, maza suka gyaɗa kai. Ni kuwa na san halin wanda ya yi maganar. Czesław, mahaifina, ya taɓa yin cacar baki da mai kantin ƙauyenmu a kan ƙusa, ya ce ba zai sake taka kantin ba. Har mai kantin ya mutu, sai Baba ya hau keke ya tafi ƙauyen gaba sayen gishiri. Magana zarar bunu ce, amma ta Baba ko bunu ya fi ta sauƙin mayarwa.

Fangalin Mama yana tsakanin ƙofar gida da shinge, inda duk mai wucewa zuwa coci sai ya gan shi. Furannin da ke mutuwa da sanyi su tashi da kansu ta cika shi da su: peoni a tsakiya, floks a baya, sannan a gaba, inda rana ta fi duka, iris mai gemu, shunayya, wanda ta kawo daga gidan uwarta a ƙunshe cikin ɗankwali ranar aurenta. Saiwarsa kamar ɗanyar citta take, kwance a kan ƙasa, bayanta a buɗe. Tun ina yarinya nake jin Mama tana faɗa: "Ƙafa a ƙasa, baya a rana. Kowa ya rufe min bayansu zai gamu da ni."

Mirek ya koma Norway. Ni aka bar wa hanya.

Abinci nake dafa wa yara a wata makarantar firamare. Kafin Juma'a ta zo gwiwoyina sun kumbura, ga Asabar da sassafe ina cikin motar ƙauye da jakunkuna biyu. In na isa, in yi wanki, in goge ƙasa, in dafa abin da zai kai shi mako, in jera magungunansa, in yanke masa farce yana ƙorafin wai na cika zafin hannu. Lahadi mu je coci, in sake hawa mota. Mirek kuwa yakan bugo waya ya ce, "Ki riƙa haɗa masa da kifi, yana da kyau ga tsofaffi." Daga nesa kowa likita ne.

Ba zan ɓoye ba, na gaji tun shekarar farko. Amma a watan Mayu furen ya fito, shunayya tun daga ƙofa har shinge, Baba ya zauna a benci yana kallonsa. Na ce a raina, to, ga abin da ke riƙe da tsohon nan. Ranar da furen ya tafi, shi ma ya tafi. Ko na kai shi Lublin, gangar jiki kawai zan kai.

Wata Asabar a watan Yuli na iso na tarar da fangalin ya canja kama. An huɗe gindin kowane iris, an tara masa ƙasa har ta haura ganye, an zuba ruɓaɓɓen takin shanu a sama, an shayar da shi ruwa sharkaf. Layi ɗoɗar, abin sha'awa, in da dankali ne. Baba yana tsaye da fartanyarsa.

"Baba, me ka yi haka?"

"Na gyara."

"Ka gyara ko ka binne? Ba ka ji abin da Mama ke faɗa ba?"

"Ke, 'yar nan, tun kafin a haife ki nake noman dankali. Abin da ke da saiwa, ƙasa yake so. Kin taɓa ganin an bar dankali tsirara?"

"Ai ba dankali ba ne!"

"Je ki duba tukunyarki."

Na durƙusa a kan gwiwoyin nan nawa na tone su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da na dawo Asabar ta gaba, ya mayar da ƙasar, har da ƙari. Haka muka yi ta yi har sanyi ya shigo, ni in buɗe, shi ya rufe. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa Mirek ya yi masa magana a waya. Baba ya saurare shi tsaf, sannan ya tambaye shi ko a Norway ɗin furen yake nomawa.

Da shekara ta zagayo, furen da ya fito bai kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Ganyen ya yi rawaya yana kwanciya, in ka ja sai ya biyo hannunka. Saiwar ta yi laushi kamar dafaffen dankalin da ya kwana, ga wani mugun wari. Peoni da floks kuwa sun samu taki sun yi ƙiba, sun miƙo inuwarsu a kan ɗan abin da ya rage. Matan coci suna wucewa suna girgiza kai. "Allah sarki, Czesław. So ne ya yi masa yawa." Ni ma haka na ɗauka. Ina kallonsa yana jan bokitin ruwa da ƙyar zuwa fangalin, haushi da tausayi su taru su kama ni.

A watan Agusta na ɗauki hutun yini na tafi gandun renon furanni da ke bayan gari. Mai wurin, Pani Lucyna, wato Uwargida Lucyna, mace ce kakkaura, da takalmin roba har gwiwa da taba a gefen baki.

"Wane iri kike nema?"

"Iris. Wanda ba ya mutuwa."

"Na roba ke nan. Ana sayarwa a ƙofar maƙabarta." Ta fesar da hayaƙi. "Me ke kashe miki? Dodon koɗi? Inuwa? Ruwa ne ke kwanciya a wurin?"

"Babana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Manomin dankali ne?"

"Ya aka yi kika sani?"

"'Yar'uwa, rabin cinikina su ke kawo min. Allah ya ja da ransu. Zo mu je."

Ta bi da ni ta cikin layuka. Ta nuna wasu masu manyan hotuna a liƙe, furensu mai tattara kamar rigar amarya, kala biyu uku a jiki ɗaya. "Waɗannan kada ma ki kalle su. Ruwan sama ɗaya su kwanta, kuma ba sa son maƙwabta. In kin sa su cikin cunkoso, fushi suke yi su daina fure." Ta nuna wasu ƙanana marasa ado. "Waɗannan irin na kakanninmu ne. Ki jefa su bayan shinge ki manta, za su rayu. Suna jure wulaƙanci, kulawa ce ba sa jurewa. Da babanki malalaci ne da su zan ba ki."

"Da malalaci ne ai da ban zo ba."

Sai ta kai ni can ƙarshe, kusa da kududdufi, inda wani abu ya yi cunkus kamar doguwar ciyawa. "Ga maganinsa. Ɗan Saiberiya. Ba gemu, ba yanga. Saiwarsa kamar gashi take, ƙasa take nutsawa. Ya ba shi taki, ya gode. Ya ba shi ruwa, ya ƙara godiya. Sanyi ba ya ganinsa da gashi, peoni kuma in ta matso shi, shi ma ya matse ta. Amma in gaya miki tun yanzu, in ya kama wuri ya kama ke nan. Ranar da kika so raba shi, ki zo da gatari."

Ta sare min manyan dunƙule uku, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Da zan tafi ta dubi yadda nake jan ƙafa, ta ce, "Ke kuma wa ke huɗe miki gindi?" Na yi dariya don kada in yi kuka.

Baba yana barcin rana na dasa su a gaban fangalin, inda na Mama suka ruɓe. Da ya fito ya tsaya a kansu.

"Wannan ciyawar fa?"

"Iris ne. Ɗan'uwan na Mama."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Ka yi masa duk abin da ka ga dama."

Ya kuwa yi. Ya huɗe shi, ya danna masa taki, ya yi ta kwarara masa ruwa har wurin ya zama taɓo. Ciyawar nan sai ƙara kore take. Karon farko ke nan da na hau motar Lahadi na yi barci har Lublin.

Hunturun shekarar ya yi tsanani. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, akwai Asabar ɗin da motar ta ajiye mu a bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Na tarar Baba ya jawo katifarsa kicin kusa da murhu, sauran ɗakunan ya rufe, don ba ya iya faskaren da zai ɗumama su. Wata rana na ga gefen fuskarsa ya yi baƙi, ya ce ƙofar rumfar itace ce ta buge shi. A watan Fabrairu aka binne Tadek, mutum na ƙarshe da ke zuwa su yi karta. Tun daga nan kartar tana kan taga, ƙura na hawa.

A lokacin ne ya fara yi min wasu tambayoyi. "Wai ku a can sai ku murɗa wani abu ɗaki ya yi zafi?" Ko kuma, "Hawa na nawa kike ma? Da ƙafa ake hawa?" Na ɗauka tsiyar da ya saba yi wa mutanen birni ce. Nakan ce, "Eh, Baba, mu malalata ne, mun ji," in ci gaba da wanke-wanke.

Yuni ya kama, ɗan Saiberiya ya fashe da fure. Shuɗi, ƙanana, a kan dogayen karare, suna rawa ko iska kaɗan ce ta taɓa su. Na Mama ko ɗaya bai fito ba, amma daga bakin shinge wa zai tsaya tantancewa? Ranar Lahadi muna dawowa daga coci mata suka yi cirko-cirko a ƙofarmu.

"Czesław, ka ga ikon Allah! Furen Gienia ya dawo!"

"Ai ba ta yarda ka tafi ba ke nan. Kana nan tare da mu."

"Wiesia, Allah ya yi miki albarka. Ba kowace 'ya ba."

Na ji daɗi, ba ƙarya. Na kuma ji hanyar nan ta Asabar ta miƙe a gabana ba iyaka, amma na haɗiye. Baba ya ratsa ta tsakaninsu. Ya wuce ya zauna a benci da kwat ɗinsa ta coci, ya ɗora hula a gwiwa. Da suka watse na kawo masa shayi.

"Ka gani ko? Ban ce maka ba? Wannan ko kai ba ka iya kashe shi."

"Na gani."

"To me ya sa ka haɗe rai kamar an yi maka sata?"

Ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya ce, "Zauna, Wiesia." Rabon da ya kira ni da sunana, ba "ke 'yar nan" ba, har na manta.

"Shekara nawa na yi da uwarki?"

"Hamsin da wani abu."

"Kullum tana faɗa, ƙafa a ƙasa, baya a rana. Har a mafarki ina ji. Kina tsammanin kurma ne ni? Ko ban san bambancin fure da dankali ba?"

Ya ajiye kofin, ya ci gaba.

"Na yi rantsuwa a gaban Fada da duk garin nan. A ranar da gaske nake. Amma gidan nan ba Gienia, ɗaki ne kawai da sanyi. Na faɗi a bakin rijiya, na daɗe a kwance ina kallon sama, ba wanda ya wuce. Ke kuma duk Asabar ina hango ki daga taga kina jan ƙafa kamar tsohuwar goɗiya. Na ce, to, in furen ya mutu da kansa, ba wanda zai ce Czesław ya janye maganarsa. Za a ce tsoho ne, ya yi wauta. Wauta na iya ɗauka." Ya nuna fangalin da haɓa. "Saura kaɗan in gama. Sai kika je kika kwaso min wannan ɗan banzan."

"Baba, me ya hana ka faɗa min?"

"Da wane bakin?" Ya shafa hular. "Na gaji, Wiesia. Na gaji ƙwarai."

Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Shekara biyu ina tonewa don shi, yana binnewa don ni. Na rasa ko dariya zan yi ko in fasa kofin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Amma furen Mama fa? Wanda ta kawo a ɗankwali? Ka iya ruɓar da shi duka da hannunka?"

Ya miƙe da ƙyar. "Biyo ni."

Bayan rumfar itace, inda ba a hangowa daga hanya, akwai wata tsohuwar tukunyar miya ta Mama da gindinta ya huje. Ya ɗora ta a kan bulo, a wurin da rana ke wuni. A ciki ga ƙasa mai yashi, ga saiwa guda biyu kwance a sama, bayansu a buɗe, tauri kamar icce, ganyensu tsaye kamar wuƙaƙe. Ko Mama ba za ta dasa su fiye da haka ba.

"Tun kafin in ɗauki fartanya na cire su," in ji shi. Ya gyara murya yana kallon gefe. "Barandar gidanki, rana na shiga?"

"Tana shiga. Tun hantsi har la'asar."

"To."

Na waiwaya. Daga nan ina hango kan shuɗin furen nan yana kaɗawa sama da shinge, lafiya lau, a idon duk wanda ya ji rantsuwar. Ba zai mutu bana ba, ba zai mutu baɗi ba. Ni na zaɓe shi.

Na shiga rumfa na ɗauko shebur da gatari, na turo baro. Ban ko cire kayan coci ba.

"Me za ki yi?"

"Kabarin Mama zan kai shi. Can ƙasa ce mai laima, zai ji daɗi. Kai ba ka janye komai ba. Ni ce 'yar birni marar tarbiyya da ta tuge furen uwarta da rana tsaka ta kwashe ubanta. Su faɗa."

"Za su ci namanki har Kirsimeti."

"Su ci. Ba na nan ai."

Na kafa shebur a gindin dunƙule na farko. Pani Lucyna ba ta yi ƙarya ba, kamar na soki tabarmar ƙarfe. Ƙarar ta fito da maƙwabciyarmu bakin shinge, ta kira ta kusa da ita, kafin in ɗago an fara taruwa. Baba ya dube su, ya dube ni. Sai ya ɗaga sandarsa sama, ya buɗe murya yadda har bakin coci za a ji.

"Ke! Marar kunya! Furen uwarki? A gaban idona? Jama'a, ku zo ku ga abin da birni ke mayar da 'ya'yan mutane!"

Mata suka dafe ƙirji. Ni ban ɗago ba, gumi da hawaye sun haɗu suna shiga min baki. Ya matso kusa kamar zai ƙwace shebur ɗin, ya sunkuyo, ya dafa kafaɗata, ya yi ƙasa da murya.

"Ba nan ba, ja baya kaɗan, za ki yanke saiwar. Sa ƙafa ki danna."